Yadda ake neman aikin albashi a Legas, a riƙe shi, har a kai ga shugabanci

Kusan kowane mako, bayan sallar Isha'i a masallacin unguwarmu da ke Agege, sai wani matashi ya tare ni a bakin ƙofa, riƙe da ambulan mai ruwan ƙasa wadda ta yi laushi don yawan ninkewa. Zai gaishe ni, ya tambayi iyali, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, a taimaka a sa ni a wani wuri." In na tambaye shi me ya iya, amsar kusan ɗaya ce kullum: "Duk wanda aka samu zan yi." Na san daga tarbiyya wannan amsar ta fito, tarbiyyar ɗan da aka koya wa kada ya yabi kansa a gaban manya. Amma a Ikko ita ke hana yaranmu aiki, in sun samu kuma ita ke hana su gaba.

Shekarata goma sha huɗu a garin nan. Na fara da rubuta kayan da ke shiga da fita a siton wani kamfani a Ikeja, yau ni ke riƙe da sashen, da mutum ashirin da biyu a ƙarƙashina. Amana kam an shaide mu da ita. Je ka Mile 12 ka ga yadda ake sauke motar tumatir ko albasa daga Arewa a kan magana ta waya kawai, ba wanda ya sa hannu a komai. Sai dai kamfani takarda yake gani, kuma abin da ka faɗa da bakinka yake ji. Matakan da zan bi da kai, ƙanena, duk a kan wannan suke tafiya.

Na farko: daidaita takardunka tun kafin ka nemi kowa

Ka shimfiɗa takardunka duka a kan tabarma: sakamakon WAEC ko NECO, shaidar digiri ko difloma, takardar NIN, bayanan BVN, da shaidar gama bautar ƙasa. Ka karanta sunanka a kowace, harafi bayan harafi. Mu Hausawa nan ne ake kama mu. Wata takarda ta ce Muhammad, wata Mohammed, wata Muhammed. Wata ta ɗauki sunan uba, wata ta ɗauki sunan gari. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Ma'aikaciyar da ke tantance takardu a Victoria Island ba ta san haka ba, kuma ba za ta kira ka ta tambaya ba, za ta ajiye taka ta ɗauki ta gaba. In akwai saɓani, je kotu ka yi takardar rantsuwa, ka gyara na NIN ta hannun hukumar NIMC mai ba da shi, ka sa ranar haihuwa ma ta zama ɗaya a ko'ina. Mako biyu da za ka kashe a kan wannan sun fi watanni shida na aika takardu ba amsa.

Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama karatu, takardar yafe bautar ƙasa yake bukata, kuma NYSC ke ba da ita. Mai sana'ar hannu, walda ko wayarin ko kanikanci ko aikin famfo, ya nemi shaidar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake hawa daga mataki na uku zuwa na ɗaya. Direba ya tabbatar lasinsa na da rai. Ka yi rajistar zama ta jiha, wato katin LASRRA, don ana tambayarsa a abubuwan da suka shafi gwamnatin Legas. Duk ka ɗauki hotonsu da kyau ka adana a imel. Asalin takarda kuwa nunawa ake yi a karɓe. Kada ka bar wa kowa ita, ko da ya ce sharaɗin aiki ne.

Sai maganar masu tsaya maka. Yawancin kamfanonin Legas, musamman in aikin ya shafi kuɗi ko kaya ko mota, za su nemi mutum biyu da za su sa hannu, da hotonsu da adireshinsu, wani lokaci har a je a duba gidan. Kada ka bari sai an ba ka fom ka fara yawo. Tun yanzu ka je wa dattijo biyu da suka san ka, suke da tsayayyen wurin zama ko shago, ka faɗa musu a sarari abin da ke ciki: in ka yi ɓarna su za a kama. Wanda ya ƙi, kada ka ƙullace shi.

Na biyu: zaɓi aiki ɗaya, ka kuma dubi hanya

Ka tsayar da abu guda, ko biyu masu kama da juna, sito da harkar jigila alal misali, ko tallace-tallace da kula da abokan ciniki. Sannan ka san inda irin aikin yake. Masana'antu na Ikeja da Ogba da Ilupeju da Isolo. Harkar tashar ruwa da fiton kaya na Apapa da Tin Can. Bankuna da manyan ofisoshi na Marina da Victoria Island da Ikoyi. Masu harkar kwamfuta da manhajoji sun yi yawa a Yaba. Can Ibeju-Lekki kuma ga matatar Dangote, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, da sabuwar tashar ruwa ta Lekki.

A Legas nisa ma albashi yake ci. Wanda ke kwana a Agege yana aiki a Victoria Island, kafin kiran asalatu zai fita, ya haye gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, ya dawo bayan Isha'i in goslo ya yi sauƙi. Jirgin ƙasa na jan layi da ya fara aiki a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, ya rage wa mutanenmu wahala sosai, kuma katin Cowry ɗaya ke biyan shi da motar BRT. Duk da haka ka zauna da biro ka lissafa kuɗin mota na kwana ashirin da biyu, da abincin rana, kafin ka yi murna da adadin da aka ambata maka. Na ga yaron da ya bar aiki a Ogba, inda yake zuwa da keke-napep ɗaya, ya koma Lekki don ƙarin dubu talatin. Wata huɗu ya yi ya rame, ƙarin kuma duk ya tafi a danfo.

Na uku: CV mai faɗin abin da ka yi

Shafi ɗaya ya isa ga sabon shiga, biyu ga wanda ya daɗe. Suna, lambar waya mai shiga, imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, unguwar da kake a Legas. In ka sa adireshin Funtuwa ko Haɗeja, za a ɗauka ba za ka iya zuwa intabiyu gobe ba.

Inda nake so ka daɗe shi ne wajen aikin da ka taɓa yi. Yaranmu da yawa sukan bar wurin fayau, su ce ba su taɓa aiki ba, alhali mutum ya shekara biyar yana riƙe da shagon babansa a Kantin Kwari, ko yana rubuta wa ubangidansa lissafin shanu a mayankar Oko-Oba. Wannan aiki ne, kuma ya fi wasu takardun nauyi. Rubuta shi da adadi: "Na kula da shagon atamfa mai yara uku, ni ke rubuta shiga da fita, ni ke kai kuɗi banki kullum, ni ke bin bashin dillalai goma sha biyu." Mai ɗaukar aiki da ya karanta wannan ya ga mutum a tsaye. Amma adadin ya zama na gaskiya, don za a tambaye ka a kai.

Kada ka manta da harshenka. Bankuna da kamfanonin waya da masu sayar da kayan masarufi suna da abokan ciniki a Kano da Sakkwato da Maiduguri, da nan Mile 12 da Alaba Rago da Idi-Araba, kuma suna bukatar wanda zai yi magana da su. Rubuta cewa kana jin Hausa da Turanci, ka iya karanta su ka rubuta. In kana jin Fulatanci ko Barbarci ko Larabci ko Yarbanci, ƙara. Ka ba wanda ya fi ka Turanci ya duba kuskure, ka mayar da shi PDF, ka sa wa fayil ɗin sunanka.

Na huɗu: inda ake nema, da tarkon da ke hanya

Ka buɗe shafi a dandalin neman aiki na intanet, LinkedIn da Jobberman, ka riƙa duba shafukan kamfanonin da kansu. Asusun LSETF da jihar Legas ta kafa a 2016 yana ba da horon sana'a da rancen ƙananan kasuwanci, ka leƙa. Amma da ɗan gari akan ci gari: ayyuka da yawa kafin a tallata su an riga an faɗa wa na ciki ya kawo mutum. Saboda haka ka sanar da mutane takamaiman abin da kake nema. Wanda ya ce min "Yaya, aikin sito nake nema, na iya Excel, ga CV ɗina a WhatsApp" ya sauƙaƙa min taimakonsa.

Tarkon kuwa ga kamanninsa. Saƙo zai shigo wayarka da dare, ana gayyatarka intabiyu gobe da ƙarfe tara a wani bene, ba sunan kamfani, ba sunan muƙami, kai ma ba ka tuna ka nema ba. In ka je za ka tarar da ɗaki cike da matasa, a yi muku lacca a kan arziki, a ƙarshe a ce ku biya kuɗin rajista ko ku sayi kayan da za ku riƙa tallatawa. Wasu kuma kuɗin fom ko na gwajin lafiya za su nema tun kafin ka ga ofis. Aikin gaske ba a saye shi. Nemi sunan kamfanin, ka bincika shi a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka duba adireshin a taswirar waya, ka faɗa wa wani a gida inda za ka. 'Yan'uwa mata, duk intabiyun da aka ce a otal ne ko bayan Magariba, a bar shi.

Na biyar: ranar intabiyu

Ka je ka ga wurin tun ana gobe in da hali, ranar kuma ka isa da rabin awa a hannu. Kaftani mai tsabta da guga ba laifi ba ne a wurare da yawa, amma banki da makamantansu kwat suka saba gani; tambayi wanda ya san gidan.

A gida ladabi ne ka sunkuyar da kai gaban babba, ka rage murya. A teburin intabiyu ana karanta wannan a matsayin tsoro ko ɓoye wani abu. Ɗaga kai, dubi mai tambaya, yi magana yadda na ƙarshen tebur zai ji. Karin harshenka na Arewa ba aibi ba ne. Kowa a ɗakin da nasa karin. In zuciyarka na ce maka faɗin abin da ka iya yabon kai ne, tuna Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya ce wa sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa domin shi mai tsarewa ne, masani. Ya ambaci muƙamin, ya ambaci dalili biyu. Kai ma shirya labari uku gajeru tun daga gida: matsalar da ka taɓa warwarewa, kuskuren da ka yi ka gyara, da ranar da ka yi aiki da mutum mai wuyar sha'ani. Ka maimaita su da Turanci a gaban aboki har su zauna a bakinka.

In aka zo kan albashi, kada ka ce "duk abin da kuka bayar." Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, gwamnatin Legas kuma ta sa wa ma'aikatanta 85,000. Ka bincika abin da ake biyan irin aikin, ka ambaci adadi, ka tambaya ko kafin a cire haraji da fansho ne ko abin da zai shiga asusunka.

Na shida: kada ka fara sai da takarda

Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Ni dai shawarata ka karɓa kafin ranar farko. Karanta a gida, a natse. Duba sunan wanda ya ɗauke ka, domin a Legas ya zama ruwan dare ka yi aiki a banki ko masana'anta alhali wani kamfanin hayar ma'aikata ne ubangidanka, kuma haƙƙoƙinku ba ɗaya ba ne da na ma'aikatan gidan. Duba watannin gwaji, lokutan aiki, kuɗin ƙarin lokaci, hutu, inshorar lafiya, da wa'adin sallama. Dokar ta ba da hutun aƙalla kwana shida na aiki bayan wata goma sha biyu, mai juna biyu kuma mako goma sha biyu.

Fansho ma haƙƙinka ne. A ƙarƙashin dokar 2014, kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye zai cire kashi 8 cikin ɗari daga naka, ya ƙara aƙalla kashi 10 daga nasa, ya zuba a asusun da kai ka buɗe da kamfanin fanshon da ka zaɓa. Ka riƙa duba saƙon shigar kuɗin. Akwai wuraren da ake cirewa a takardar albashi ba a zubawa, sai bayan shekaru mutum ya gane. In ka ga wata biyu shiru, tambaya a rubuce; in ba a gyara ba, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, na karɓar ƙorafi.

Maganar sallah a wannan lokacin ake yin ta, ba bayan an fara ba. Ka ce wa shugabanka kai tsaye: "Ina bukatar minti goma da Azahar da La'asar, da awa ɗaya da rabi ranar Juma'a, zan cike da shigowa da wuri." Ban taɓa ganin an hana wanda ya nema haka ba. Rigima kan taso ne in mutum ya riƙa sulalewa ba sallama, ko ya tafi Juma'a sai ƙarfe huɗu a gan shi.

Na bakwai: watannin farko

Zan ba ka labarin abin da ya same ni a watana na biyu. Mota ta kawo kaya dab da Magariba, ana yayyafi. Direban dattijo ne, ɗan garinmu ma, muka gaisa har ya ba ni goro. Ya ce, "Ɗana, katan ɗari huɗu ne cif, sa hannu in kama hanya kafin Oshodi ta cushe." Na ji nauyin in ce sai na ƙirga. Na sa hannu. Da safe aka ƙirga, ɗari uku da sittin. Har yau ban ce shi ya ɗauka ba, mai yiwuwa tun daga wurin lodi ne. Amma hannuna ke kan takardar, kuma wata uku ana yankar albashina. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, tsakanin muminai ma. Tun daga ranar ba na sa hannu sai na ƙirga, ko wane ne, kuma ina yi da fara'a.

Ka sayi ƙaramin littafi. Kowane umarni aka ba ka, rubuta da kwanan wata. In umarnin baki ne kuma mai nauyi, bi shi da gajeren saƙo: "Oga, kamar yadda ka ce, zan saki kaya kaza ga wane." Duk Juma'a rubuta abin da ka kammala a makon. Wannan littafin ne zai yi maka magana ranar da za a duba ƙwazo.

Kada ka maƙale wa 'yan'uwa kaɗai a wurin cin abinci. Koyi gaisuwar Yarbawa: "E kaaro" da safe, "E ku ishe" ga mai aiki, wato sannu da aiki. Su ma mutane ne masu girmama gaisuwa da shekaru kamar mu, kuma za ka ga yadda fuska ke sakewa. Abin da ba ka gane ba ka tambaya tun da wuri. Matambayi ba ya ɓata. Sannan ka ci gaba da karatu: mai lissafi ya bi jarrabawar ICAN ta ƙwararrun akantoci, mai harkar ma'aikata ya bi ta CIPM, cibiyar masu kula da ma'aikata, wanda bai da digiri ya duba jami'ar NOUN da ake yi ana aiki. Bayan shekara, nemi ganin shugabanka, buɗe littafinka, faɗi abin da ka yi, ka tambaye shi me ya rage kafin a ƙara maka matsayi. Mai jiran a lura da shi don haƙurinsa yakan daɗe a kujera ɗaya.

Na takwas: ranar da aka ba ka mutane

Jarrabawarka ta farko daga gida za ta zo. 'Yan'uwa za su ɗauka lokacinsu ya yi, sauran kuma za su zuba ido su ga ko za ka fifita naka. Ka kawo ɗan'uwa in ya cancanta, amma ya bi ƙofar da kowa ya bi, kuma ka faɗa masa tun a gida cewa in ya makara za a rubuta shi kamar kowa. Jadawalin hutu ka manna shi a bango: wanda ya riƙe maka aiki da Sallah, ka riƙe masa da Kirsimeti. A sashenmu wannan abu ɗaya ya kashe gunaguni fiye da duk wani taro.

Umarni ya zama a fili: wa zai yi, me zai yi, zuwa yaushe. Kawaici na da kyau a zaman gida, amma shugaban da ya ga kuskure ya yi shiru don kunya, sai ya tara har ya fashe, ya cuci yaron da tun farko kalma biyu za su gyara shi. Kira shi gefe a ranar, faɗi abin da ya faru, ji nasa, ku tsayar da gyara. Yabo kuwa a gaban jama'a, da suna. In sashenka ya yi kuskure, kai ne za ka tsaya gaban manya ka ɗauka, sannan ka dawo ka bi diddigi.

Za ka shugabanci wanda ya haife ka. Akwai wani dattijo Bayarabe a sitonmu da ya girme ni da shekara ashirin. Baba nake ce masa, ni ke fara gaishe shi, ina neman shawararsa a kan tsarin jera kaya domin ya fi ni sanin gidan. Amma ranar da lissafinsa bai cika ba, na zauna da shi muka ƙirga tare, ya sa hannu na sa. Bai taɓa riƙe ni da wannan ba. Kyautar dillalai da direbobi kuma, ko kuɗin goro aka kira ta, mayar da ita cikin mutunci. Wanda ka karɓi nasa ba za ka iya ƙirga kayansa ba. Ka kuma koya wa wani aikinka tun yanzu, domin ba a ɗaga mutumin da ba mai maye gurbinsa.

In tafiya ta zo

Kada ka ajiye aiki sai sabuwar takarda na hannunka. Ba da wa'adin da yarjejeniyarka ta ce. In ba ta faɗa ba, Dokar Ƙwadago ta tsara wa leburori da ƙananan ma'aikatan ofis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga biyar zuwa sama. In an sallame ka ba bisa ƙa'ida ba ko an riƙe maka haƙƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa na da reshe a Ikoyi, kuma takardar ɗaukarka da takardun albashi da littafin nan naka su ne shaidunka. Wanda ya rasa aiki ya kai wata huɗu bai samu wani ba yana iya cirar kashi 25 cikin ɗari na asusun fanshonsa ya riƙe kansa.

A makon ƙarshe rubuta bayanin miƙa aiki: abin da ke hannu, bashin da ake bi, lambobin da magajinka zai bukata. Ku ƙirga kaya tare, ku sa hannu ku biyu, ka riƙe kwafi. Miƙa makullai da katin shaida, karɓi takardar shaidar aiki kafin ka fita daga get, sannan ka bi masu tsaya maka biyun nan har gida ka shaida musu cewa ka sauka lafiya, an sauke musu nauyi.